Dokin katako ma yana son mahayi

A watan Oktoban 2022, ina karatu a Ingila, wani abokin zamana ya ja ni zuwa wani fili a garin Reading. Ya ce wasu masu lilo ne za su yi wasansu na ƙarshe, daga nan su naɗe tabarma. Ban so zuwa ba. Sanyi ya fara shigowa, kuma a lissafina lilo harkar yara ce. Tun ba mu kai ƙofa ba warin kwal da giris ya tare ni, irin warin da kan buge ka in ka ratsa ta maƙera da hantsi, sai na ji jikina ya saki.

A tsakiyar filin akwai lilon dawaki. Dawakin katako ne, uku-uku a jere, kowanne an soke shi da sandar tagulla murɗaɗɗiya, suna zagayawa suna tashi suna sauka kamar masu sukuwa. Injin tururi ne ke juya su. Wani mutum yana tsaye a cibiyar lilon, hannuwansa baƙi ƙirin, ya zuba kwal, ya leƙa allurar da ke nuna ƙarfin tururi, ya ja igiya injin ya yi fito, sannan dawakai su ɗauki hanya. Kusa da shi akwai akwatin kiɗa mai sarewa da ganguna da ke kaɗa kansa, yana karanta waƙar daga wani dogon kwali mai huje-huje da ake zura masa. Na matsa kusa da wani doki fari. An sassaƙa masa linzami da sirdi da adon ƙirji, an bi su da ja da kore da ruwan zinari, an rubuta sunansa a wuya. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya ranar hawan Daushe ya ga yadda ake shirya dokin hakimi ba zai rasa gane abin da masassaƙin yake nufi ba. A 1895 aka ƙera lilon nan a Norwich, a masana'antar Tidman, wato shekara takwas kafin Turawa su ci Kano. Ga shi yara suna layi suna miƙa kuɗi suna hawa.

Masu shi a lokacin iyalin Carter ne. John Carter da matarsa Anna sun sayi dawakin nan suna lalace, suka gyara, suka fara yawo da su gari-gari a 1977. A hankali suka riƙa tsinto wasu tsofaffin lilo da manyan motocin da ke jan su, suna tayar da su ɗaya bayan ɗaya. John ya rasu a 2000, daga baya ɗansu Joby ya karɓi ragamar. Bayan shekara 45 a kan hanya suka ce sun gaji, suka sa kayan a kasuwa. Ranar da na je, na ga dattawa suna ɗaukar hoto suna share ido.

Tun daga ranar nake bibiyar muhawarar da Turawan Ingila ke yi a kan irin waɗannan kaya: a kashe kuɗi a gyara su, ko a bar su su bi zamaninsu? In an gyara, a ajiye a gidan tarihi, ko a ci gaba da ɗora mutane? Ni ina bayan gyara, amma da sharaɗi. Tsohon lilo bai gyaru ba sai ana hawansa, kuma sai an bar wani yaro a bayan wanda ya gyara shi yana koyo. In babu waɗannan biyun, abin da aka yi wankan gawa ne, komai ƙyallin fentin.

Labarin Margate ne ya fi nuna mini haka. Margate gari ne a bakin teku a yankin Kent, inda ma'aikatan Landan suka saba zuwa shan iska tun zamanin kakanninsu. Akwai filin wasa a can mai suna Dreamland, kuma abin da ya fi suna a cikinsa shi ne Scenic Railway, wani jirgin wasa da aka yi don ya riƙa hawa yana gangarawa a kan doguwar gadar katako. An buɗe shi a 1920, babu irinsa da ya girme shi a duk Birtaniya. Da jiragen sama suka yi araha mutane suka koma tafiya hutu Sifen da Girka, garin ya mutu a tsaye. A 2002 gwamnati ta sa jirgin a jerin gine-ginen tarihi da doka ta hana a rushe, karo na farko ke nan da aka yi wa abin wasa irin wannan gata a ƙasar. Shekara guda bayan haka mai filin ya ce zai rufe a yi gine-gine. Mutanen gari suka tashi, suka kafa ƙungiyar ceto filin, suka yi ta fama. A watan Afrilun 2008 wani ya cinna wa jirgin wuta, wani sashe na gadar da tashar da taragwan suka ƙone. Sai a 2013 ƙaramar hukumar Thanet ta karɓe filin da ƙarfin doka, aka haɗa kuɗinta da na gwamnati da na wani asusun kula da kayan tarihi wanda ke samun kuɗinsa daga cacar ƙasa. Filin ya sake buɗewa a watan Yunin 2015, jirgin kuma ya koma aiki a watan Oktoba.

Nan take masu suka suka ce ai wannan ba jirgin 1920 ba ne. Katakon sabo, taragwan sababbi, to me aka ceto? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don ko kafin gobarar 2008 jirgin ya sha wuta a 1949 da 1957, kuma katakon da ke shan iskar teku dole a riƙa canza shi. Amma wanda ya tashi a gidan ƙasa ba zai ruɗe da wannan tambaya ba. Gidan kakana, duk shekara kafin damina sai an kwaɓa ƙasa an yi yaɓe, azarar da gara ta ci a zare a sa wata. In za a bi diddigi, da wuya a sami kwando goma na ƙasar da aka fara ginin da ita. Duk da haka babu wanda ya taɓa cewa ba gidan kakanmu ba ne. Abin da ya riƙe gidan shi ne akwai magina da suka san yadda ake yi, kuma akwai mutane a ciki. Gidajen unguwarmu da suka zube, ba ƙasarsu ce ta ƙare ba. Masu su ne suka tashi, maginan kuma 'ya'yansu suka koma bulo.

Abin da ya sa jirgin Margate ya zama na daban ma ba katakon ba ne, mutum ne. Jiragen wasa na zamani an ɗaure ƙafafunsu da dogo sama da ƙasa, kwamfuta ke lissafin gudunsu. Shi wannan an yi shi ne yadda sai ma'aikaci ya zauna a tsakiyar taragwai riƙe da sandar birki, ya san inda zai saki da inda zai danne. In ya matsa birki da yawa jirgin ba zai iya haye tudu na gaba ba, in ya sake da yawa ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima. Ranar da aka yi ruwa dogo ya yi santsi, hannunsa ne zai gaya masa. Jirage kaɗan ne suka rage a duniya masu irin wannan tsari, kamar na Luna Park a Melbourne da aka buɗe a 1912, da na lambun Tivoli a Kopenhagen na 1914, da na Great Yarmouth na 1932. Wannan sani ba ya zama a takarda. Mai birki daga mai birki yake koyo, yana zaune a gefensa. In aka tsayar da jirgi shekara goma, katakon yana iya nan daram, amma wanda ya san nauyin sandar a tafin hannunsa ya tsufa ko ya kama wata sana'a.

Shi ya sa hankalina bai kwanta da masu cewa a killace irin waɗannan kaya a zagaye su da igiya a rubuta "kada a taɓa" ba. Na san hujjarsu: kowane hawa yana cin kayan, yara suna goge fenti da takalmi, inshora tana da tsada. Gaskiya ne. Amma doki, ko na katako ne, don hawa aka yi shi. Gogewar da ke wuyansa inda hannuwa dubu suka riƙe ita ma tarihi ce. Kuma gidajen tarihin da suka fahimci abin, irin Hollycombe a kudancin Ingila, suna hura wa injinansu wuta su ɗora mutane.

Ba zan ɓoye raunin ɓangaren da nake goyon baya ba. Filin Margate bai cika shekara da buɗewa ba kamfanin da ke gudanar da shi ya kasa biyan bashi, a 2016 aka miƙa shi ga masu kula da kamfanonin da suka durƙushe. Da farko sai ka biya kuɗin ƙofa kafin ka shiga, daga baya aka koma shiga kyauta a biya kuɗin abin da aka hau. A watan Agustan 2024 kuma jirgin ya sami matsala a kan dogonsa aka dakatar da shi. Mutanen da suka sa hannu a takardar koke suna cewa a ceto filin yarintarsu, ina zaton da yawansu sau ɗaya suka zo, suka yi hoto, suka koma gida. Bege ba ya sayen tikiti duk mako. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma wanda ya gina kasuwa a kan masu tuna bara kaɗai zai ga ranar da ba kowa a rumfarsa. Dattijon da ya hau a 1965 zai zo ya yi ƙwalla ya tafi. Wanda zai riƙe lilon shi ne yaron da bai san komai game da 1965 ba, wanda ya hau ya ji daɗi ya ja rigar uwarsa yana cewa a sake. In kuɗin hawa ya fi ƙarfin uwar nan, an gyara kayan ne don masu kyamara.

Akwai kuma mai cewa garin da ke da unguwanni cikin mafi talauci a kudu maso gabashin Ingila, ina shi ina zuba miliyoyin fam a kan abin wasa? Wannan tambaya ba ta raini ba ce, kuma mu da muka fito daga inda asibiti ke rasa magani mun fi kowa jin nauyinta. Amsata ita ce, wasa ba kayan masu kuɗi ba ne. Tun asali waɗannan filaye na leburori ne da masu aikin masaƙa da 'yan aikin gida, mutanen da ke samun hutun kwana ɗaya ko biyu su fito da 'ya'yansu. Frederick Savage na King's Lynn, wanda ya yi suna wajen haɗa injin tururi da lilo a ƙarni na 19, da injinan noma ya fara, kuma manoma da 'yan ƙauye ne suka fara hawa kayansa a ranakun kasuwa. Mai kuɗi yana da inda zai kai 'ya'yansa ko an rufe Margate. Talaka ne ba shi da shi. Abin da zan yarda da shi a cikin sukar shi ne, in kuɗin jama'a ya shiga, to jama'a su sami hakkinsu a farashin tikiti da kuma guraben koyon sana'a, a rubuce, tun kafin a saki ko fam ɗaya.

A Amurka an bi wata hanyar. Wani lilon dawaki da kamfanin Philadelphia Toboggan ya ƙera a 1922 yana wani fili a Youngstown ta jihar Ohio. Da filin ya yi gobara ya rufe a 1984 aka yi gwanjon kayansa. A irin wannan gwanjo yawanci rarraba dawakin ake yi, kowane attajiri ya sayi ɗaya ya kafa a falonsa, kuma haka lilo masu yawa suka ƙare. Jane Walentas da mijinta David suka saye shi ɗungurungum a kan dala 385,000. Matar ta shafe sama da shekara ashirin tana kankare tsohon fenti da 'yar wuƙa, doki bayan doki har 48, don ta gano launin farko. A 2011 aka kafa shi a bakin kogi a Brooklyn cikin ɗakin gilashi, yara suna hawa. Mijin dillalin gine-gine ne mai kadarori a unguwar, don haka ba za a ce babu ribarsa a ciki ba. Ban ga laifin hakan ba tunda dawakin suna tare kuma suna aiki. Sai dai ba kowane lilo ne zai dace da attajira mai haƙurin shekara ashirin ba, kuma al'umma ba ta jingina gadonta a kan sa'a.

Akwai wani abu kuma da masu begen zamanin baya ba su cika son a taɓo ba. In suna ba da labarin tsofaffin filayen wasa, fitilu suke tunawa da alewa da kiɗa. Amma a irin waɗannan wurare ne aka riƙa kafa tanti ana karɓar kuɗi don a kalli naƙasassu, da wada, da mutanen da aka kwaso daga ƙasashen da aka mallaka. An baje Sarah Baartman, 'yar Afirka ta Kudu, a Landan a 1810 mutane suna biya suna kallon jikinta, kuma sai a 2002 Faransa ta mayar da gawarta gida. A 1905 an kai mutanen Igorot daga Filifin aka ajiye su a filin wasan Coney Island na New York ana kallo. Har a baje-kolin duniya na Brussels a 1958 an kafa ƙauyen 'yan Kwango. Ni baƙar fata ne, ina tsaye a filin Reading ina jin daɗin kiɗan, amma na san da a ce shekara ɗari da wani abu baya ne, wataƙila ba a layin masu sayen tikiti za a sa ni ba. Wannan bai sa na ƙi dawakin ba. Ya dai sa ba na yarda da mai cewa a dawo da zamanin da. Zamanin ya tafi, kuma akwai abin da gara da ya tafi. Abin da ya cancanci a riƙe shi ne aikin hannun: sassaƙa, ƙira, fenti, sanin inji. Haka ma batun tsaro. A Ingila duk shekara sai mai bincike mai zaman kansa ya duba kowane lilo ya ba da takarda kafin ya ɗauki mutane, kuma tsufa ba ya sa a ɗaga wa kowa ƙafa. In gyara na gaskiya yana buƙatar a sa sabon ƙarfe inda tsohon ya gaji, a sa. Ran yaro ya fi asalin noti.

Aikin hannun nan ne ya fi tsaya mini a rai, kuma da dalili. Kawuna mai zanen mota ne. A garejin masu bodin katako ya yi rayuwarsa, inda kafintoci ke ɗora wa babbar mota jiki, shi kuma ya bi da buroshi. Zaki, dawisu, gaggafa riƙe da maciji, furanni a kowace kusurwa, sannan a goshin mota ya rubuta abin da mai ita ya zaɓa, "Haƙuri maganin zaman duniya" ko "Allah ya kiyaye hanya". Ina yaro nakan riƙe masa gwangwanin fenti. Ba ya auna harafi da ma'auni. Ya ja layi biyu da alli, ya tsaya ya dubi katakon jim kaɗan, sai ya fara, kuma kalmar ƙarshe ta faɗi daidai bakin allon. Da na ga motocin Carter a jere a gefen filin, kowacce an bi ta da haruffa masu inuwa da layukan zinari, duk da hannu babu sitika ko ɗaya, gabana ya faɗi. Joby Carter kansa marubucin allo ne, kuma yana koyar da sana'ar, mutane suna zuwa takanas su zauna kwanaki suna koyon riƙe buroshi. A ganina ajin nan ya fi kowane doki a filin daraja, domin shi ne zai sa a iya gyara na gaba.

Mu ma muna da namu, ko da bai kai shekara ɗari ba. A garinmu akwai wurin wasan yara da aka buɗe da biki muna firamare, aka kawo lilo daga waje, da ƙaramin jirgin ƙasa, da wani babban gargare mai kujeru da ke ɗaga mutum sama har ya hango rufin kasuwa. Ranar Sallah sai ka yi awa guda a layi da sabon ɗinkinka. Da na koma bara, ciyawa ta kai gwiwa, awaki suna kwance a inuwar jirgin, 'yan gwangwan sun fara zare abin da za su iya ɗauka. Ba wani babban abu ne ya kashe wurin ba. Inji ya tsaya, ba a koya wa kowa gyaransa ba, wanda ya kafa shi ya koma ƙasarsu, shi ke nan. A bakin katangar wurin kuwa wani mai walda ya haɗa nasa lilon da bututun ruwa da tsohon gindin mota, samari biyu suna juya shi da hannu, yara sun yi dafifi da 'yan kuɗinsu na barka da Sallah. Nasa yana aiki domin in ya karye ya san inda zai taɓa. Da za a ce in zaɓi inda za a fara, da na ce a kira irin wannan mai walda da makanikan gari a buɗe musu ƙofar wancan wurin, a haɗa su da injiniyan da zai duba lafiyar ƙarfen kafin a ɗora ɗan kowa, maimakon a sake ware kuɗi a yi odar sababbi da su ma za su kwanta bayan shekara biyar.

Daren da na dawo daga Reading na tura wa Kawu hotunan ta WhatsApp, ta wayar ɗansa, don shi ba ya riƙe irin wannan waya. Washegari ya sa aka kira ni. Bai tambayi dawakin ba, bai tambayi injin ba. Ya ce a buɗe masa hoton ƙofar wata mota a ƙara girmansa.

"Wannan hannu ne ko inji?"

Na ce, "Hannu ne, Kawu."

Ya yi shiru, ina jin numfashinsa. Sannan ya ce, "Ka ga inda ya juya wutsiyar harafin nan? Bai ɗaga buroshi ba. Numfashi ɗaya ya yi." Ya tambaye ni ko mutumin yana da yara a ƙarƙashinsa, na ce yana koyarwa, har daga nesa ake zuwa. Ya ce madalla. Na tambaye shi nasa yaran fa, waɗanda na bari a garejin. Ya ce ɗaya yana tuƙa Keke Napep, ɗaya ya buɗe shagon buga sitika a bakin tasha, kuma yana samu, alhamdu lillahi. Buroshinsa na gashin raƙumi suna nan a cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, ya ce duk wata yakan fito da su ya shafa musu mai don kada su bushe.